GWIWAR GWAGGO DA RUWAN WIKKI: SAUƘI DABAN, WARAKA DABAN

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar kayan gwari ta Farin Gada a watan Disamba ko Janairu ya san irin sanyin da garin Jos yake yi. Tun kafin gari ya waye motoci suke fara sauke kwandunan tumatir da buhunan kabeji da karas da dankalin Turawa, mata kuma suna tsugune a ƙasa suna tsinta suna kasawa, hannu ya ƙage, baki yana fitar da tururi. A cikin waɗannan mata akwai gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta shafe fiye da shekara 30 tana wannan sana'a, kuma da ita ta taimaka aka biya mini kuɗin makaranta tun daga sakandare. Yau idan za ta miƙe daga kan kujerarta 'yar tsugunno, sai ta dafa ƙasa da hannu ɗaya, ta kama tirken rumfa da ɗayan, kana tsaye kusa da ita kana jin gwiwarta tana ƙara kamar ana taka busasshen kara.

A farkon shekarar 2024 wani bawan Allah ya riƙa zagaya rumfunan kasuwar yana rubuta sunayen masu ciwon gwiwa da ciwon baya. Ya ce ya shirya mota zuwa Yankari, inda akwai ruwan da ke fitowa da ɗumi daga ƙarƙashin dutse, ruwa ne mai ma'adini, wanda ya shiga sau uku to shi da sanyin ƙashi sai dai ya ji a bakin wani. Kuɗin da ya yanka ya kai zubin adashen Gwaggo na wata huɗu. Da ta gaya mini, sai na yi irin abin da 'yan boko muka saba, na yi dariya, na ce yaudara ce kawai. Ta dube ni ta ce, “Ɗana, kai da ƙafafunka lafiya lau, ai dole ka yi dariya. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.” Na rasa abin cewa.

Ta tafi. Sun bi ta Bauchi, suka ɗauki hanyar Gombe, suka ratse a Dindima, suka kwana biyu a can. Ta dawo tana tafiya ba ta dafa bango, tana barci har asuba, tana kuma yi mini tsiya duk inda ta gan ni. Haka aka yi kwana goma ko fiye da haka kaɗan. Daga nan ta koma tsugunonta da ɗaukar kwandonta, ciwo kuma ya dawo mazauninsa kamar bai taɓa yin tafiya ba.

To mai karatu, tsakanina da Gwaggo wa ya yi gaskiya? Wannan tambaya ce ta sa na koma na yi karatu a kan lamarin, kuma abin da na fahimta shi ne dukanmu mun yi kuskure, sai dai kuskurena ya fi nata muni, domin ita ta ji abu a jikinta, ni kuwa raini kawai na yi. Ra'ayina a yau shi ne wanka a irin wannan ruwa yana kawo sauƙi na gaskiya wanda bai kamata a yi masa dariya ba, amma duk wanda ya sayar da shi da sunan waraka ya ci kuɗin talaka a banza. Kuma ina ganin mu ɗaliban harshe muna da hannu a cikin wannan rikici, domin da kalmomi ake yin cinikin.

Bari mu fara da sunan ciwon. Ni da na koyi Hausa a kan titi da kasuwa kafin in zo in koye ta a aji, kalmar “sanyi” ta daɗe tana ba ni wahala. Sanyi ne yanayin hunturu, sanyi ne mura, sanyi ne ciwon da ake jin kunyar faɗa, sanyi ne kuma yake shiga ƙashi. Da zarar an ce “sanyin ƙashi”, to sunan ya riga ya yanke hukunci a kan dalilin ciwon da kuma maganinsa: abu ne mai sanyi ya shiga, saboda haka a nemo abu mai zafi ya kore shi. Wasu kuma suna cewa amosanin gaɓɓai, wanda shi ma buhu ne da ake zuba cututtuka iri-iri a cikinsa. Abin da ke damun Gwaggo, kamar yadda hoton ƙashi ya nuna, shi ne abin da zan kira zaizayar gaɓa. A ƙarshen kowane ƙashi da ke haɗuwa a gwiwa akwai guringuntsi mai santsi, irin wanda muke taunawa a ƙashin kaza, shi ne yake hana ƙashi gogar ƙashi. Shekaru da nauyin jiki da tsohon rauni da aikin da ke sa yawan tsuguno da ɗaukar kaya suna sa wannan guringuntsi ya riƙa sirancewa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi kauri, gefensa ya fitar da 'yan tsiro, wani lokaci gaɓar ta kumbura. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini a cikinsa, shi ya sa idan ya cinye ba ya tohowa kamar yadda fata take yi idan an yanke. Har zuwa yau babu ƙwaya ko allura ko ruwa da aka tabbatar yana mayar da shi yadda yake. Idan abin ya yi tsanani, tiyata ake yi a sa gwiwar ƙarfe.

Ba Gwaggo kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum kimanin miliyan 528 ne suke fama da wannan ciwo a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa ne, kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kashi 60 cikin ɗari kuma mata ne. Wanda ya san Farin Gada ba zai yi mamakin wannan kashi na mata ba.

Sai kuma kalma ta biyu, wato “ruwan ma'adini”. A nan sai an yi hattara, domin a Nijeriya idan ka ce a kawo maka “minaral”, lemon kwalba za a miƙo maka. Abin da masana suke nufi shi ne ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa har ya narkar da gishiri-gishirin duwatsun da ya ratsa, irin su farar wuta da kanwa da gishiri. A tsohon ma'aunin ƙasashen Turai, sai lita ɗaya ta ƙunshi aƙalla giram ɗaya na irin waɗannan abubuwa kafin a kira shi da wannan suna. Kenan ruwa yana iya zama mai ɗumi ba tare da ya zama mai ma'adini ba, yana kuma iya zama mai ma'adini alhali yana da sanyi ƙalau. Mutumin da ya zagaya kasuwarmu ya haɗa biyun ya dama, babu kuma wanda ya tambaye shi.

Allah ya hore mana irin waɗannan maɓuɓɓugai. Ban da Wikki da ke Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri, akwai na Akiri a yankin Awe ta jihar Nasarawa, akwai wanda ake kira Ruwan Zafi a Lamurde ta jihar Adamawa, akwai Ikogosi a jihar Ekiti inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa. A Jamhuriyar Nijar kuwa akwai Tafadek, arewa da Agadas cikin duwatsun Abzin, inda mutane suka daɗe suna zuwa musamman domin neman lafiyar gaɓɓai da ta fata. Imani da ruwa kuma tsohon abu ne. Musulmi sun san ƙissar Annabi Ayuba da ruwan da ya ɓuɓɓugo masa ya yi wanka ya sha, Kirista sun san labarin Na'aman da kogin Urdun. Rumawa sun gina ɗakunan wanka a kan ruwan zafi a Ingila, a garin da har yau sunansa Bath. Saboda haka idan tsohuwa ta ji an ce ga ruwa mai magani, ba wauta ce take sa ta yarda ba, abin yana da gindin zama a zuciyarta tun tana yarinya. Sai dai waɗancan labarai biyu na mu'ujiza ne, ba a kuma sayar da tikitin mota zuwa mu'ujiza.

Me binciken likitoci ya nuna? Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci ita ce Faransa, inda likita yake rubuta wa majiyyaci zuwa gidan wankan magani na kwana 18, kamar yadda ake rubuta ƙwaya. A shekarar 2010 wani likita mai suna Forestier da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a garuruwa uku, Aix-les-Bains da Balaruc da Dax. Sun raba masu zaizayar gwiwa gida biyu. Duka an koya musu motsa jiki a gida, amma kashi ɗaya an ƙara musu da kwana 18 na wanka da tausa da shafa taɓo mai ɗumi da motsa jiki a cikin ruwa. Bayan wata shida, kusan kashi 51 cikin ɗari na waɗanda suka yi wankan sun sami sauƙin da ake iya aunawa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 36 ne. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma shi ne ya sa na janye dariyata.

Amma a dubi abin da kyau. Na farko, kwana 18 aka yi, ba nutso uku ba. Na biyu, ba ruwa kaɗai aka ba su ba, an haɗa da tausa da atisaye a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Rabin waɗanda suka sami duk wannan gata ma ba su kai ga sauƙin da ake nema ba, sama da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna a gida kuma sun samu ba tare da sun taɓa ruwan ba. Abin da aka auna shi ne raguwar ciwo da iya tafiya, babu wanda ya ce guringuntsi ya dawo. Akwai kuma wata matsala da ke damun duk irin wannan bincike. Idan ƙwaya ake gwadawa, ana iya ba wasu ta gaske a ba wasu ta gari zalla, ba wanda ya san wadda ya haɗiya. To yaya za ka ɓoye wa mutum cewa ya yi mako uku yana hutawa ana yi masa tausa? Sa rai kansa yana rage jin ciwo. Shi ya sa lokacin da ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta tace su, ta duba gwaji 7 da aka yi a kan mutum 498 a shekarar 2007, ta ce akwai alamar amfani amma hujjar ba ta da ƙarfi saboda raunin yadda aka gudanar da binciken. Tambayar da ta fi kowace wuya ita ce ko ma'adinin ne yake aiki ko kuwa ɗumin ruwan, domin fatar ɗan Adam an yi ta ne don ta tare abu, ba rariya ba ce.

A nawa ganin, ba sai mun je da nisa ba kafin mu gane abin da ya faru da Gwaggo. Ruwa yana ɗaga abin da aka sa a cikinsa. Idan ya kai wa mutum ƙirji, ƙafafunsa ba sa ɗaukar ko rabin nauyinsa. Gwiwar da ta yi shekaru ba ta miƙe sosai ba sai ta sami damar miƙewa da lanƙwashewa ba tare da azaba ba. Ɗumi yana sassauta naman da ya ɗaure saboda ciwo. Sannan ga babban abin da ba a faɗa: a shekara 30, wannan ne karo na farko da matar nan ta yi kwanaki a jere ba ta tsuguna a kan kabeji ba, ba ta ɗauki kwando ba, wani ya dafa ta ci, ta yi hira da dariya da tsaranta a wuri mai ɗumi, nesa da hunturun Filato. Ruwan Wikki ma ba zafi gare shi ba, ma'auninsa digiri 31 ne rani da damina, bai kai ɗumin jikin mutum ba wanda yake 37. Wuri ne mai kyau ƙwarai, ruwa garai-garai kana ganin yashin ƙasansa, kuma masu kula da wurin wajen shaƙatawa suke kiransa. Ɗan kasuwar da ya kwashe su ne ya mayar da shi asibiti da bakinsa.

Akwai wani abu da ya fi ba ni tsoro, kuma mu 'yan Filato ya fi shafa. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka haƙe ƙasarmu suna neman kuza, suka tafi suka bar mana ramuka cike da ruwa daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi. Bayan dawowar su Gwaggo na ji wata maƙwabciyarta a kasuwa tana cewa ai in dai ma'adini ake nema, ga shi nan a kududdufan kuza kyauta. Kun ga inda kalma take kai mutum. Waɗannan ramuka suna da zurfi da gefe mai zamewa, sun ci rayuka da dama, ruwansu sanyi ne da shi, ruwan da ba ya gudu kuma gidan tsargiya ne. Tarkacen da aka bari bayan wanke kuza yana ɗauke da wani yashi da ake kira monazayit mai fitar da tururin da ke illa ga jiki. Dalma ma ai ma'adini ce, kuma ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010.

Zafin ma kansa yana da iyaka. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun yi nazari a kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gado mai wuta da shan kunun kanwa. Darasin da ke ciki ya shafi tsofaffinmu: mai hawan jini ko ciwon zuciya bai kamata ya daɗe a cikin ruwa mai zafi sosai ba sai da shawarar likita, mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta daina ji yana iya ƙonewa bai sani ba. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ita ba ta gashi ba ce, ta asibiti ce a ranar.

Na san wani zai ce, to kai ɗan boko, ka hana ta ruwa, me ka ba ta? Tambayar tana kan hanya, kuma ita ce ta sa ban yarda da masu zagin wankan gaba ɗaya ba. Abin da Gwaggo take yi kafin tafiyar ya fi tafiyar haɗari nesa ba kusa ba. Kullum da safe sai ta aika a sayo mata “haɗi”, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda ba suna ba takarda, ta kora da shayi. A irin wannan haɗi ake samun diklofenak da ire-irensa, waɗanda yawan shan su yake jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, wani lokaci har da ƙwayoyin sitiroyid masu kumbura fuska da tayar da suga. Idan aka ce in zaɓa mata tsakanin ledar nan da ruwan Wikki, ni da kaina zan kai ta tasha.

Abin da ya fi ƙarfin hujja kuwa ba shi da farin jini, domin ba a sayar da shi. Hukumar NICE ta Ingila, a jagorar da ta fitar a shekarar 2022, ta sa motsa jiki na musamman a gaba da komai ga duk mai wannan ciwo, sai rage ƙiba ga wanda yake da ita, sannan maganin shafawa a kan gwiwa kafin a kai ga na haɗiya. Wani bincike da aka yi a Amurka a shekarar 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage, nauyin da ke sauka a kan gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da kusan kilo huɗu. Gwaggo ba ta da ƙiba, amma lissafin nan yana aiki ta ɗaya fuskar, sai a auna abin da kwandon tumatir yake yi wa gwiwa. Naman cinya idan ya yi ƙarfi shi ne yake tallafar gaɓar, kuma ana ƙarfafa shi ne a zaune a kan kujera, a miƙe ƙafa a riƙe a sauke, safe da yamma. Wahalar ita ce shawo kan mai ciwo ya motsa abin da ke masa ciwo. A nan ne ruwan ɗumi yake da amfaninsa na gaskiya, shi ne ƙofar da ke sa motsin ya yiwu.

Yanzu ga namu laifin. Yawancinmu da ke wannan sashe gobe mu ne za mu zauna a gidajen rediyo muna fassara shirin lafiya, mu ne za mu rubuta talla, mu ne za mu tsaya tsakanin likita da majiyyaci. Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Tana da “sauƙi”, tana da “lafawa”, tana da “rangwame”, tana da “waraka”, kowace da nauyinta. Amma saurari tallar magani a rediyo ko a lasifikar mota, za ka ji an tattara su duka an cusa a cikin kalma ɗaya, “magani”, har a ƙara da “sha yanzu magani yanzu”. Bature ya rubuta cewa abu yana iya rage ciwo na ɗan lokaci, mai fassara ya ce yana maganin ciwon, tsohuwa ta ji an ce yana warkarwa, adashen wata huɗu ya tafi. Da a ce mutumin nan ya ce wa matan Farin Gada, ku zo in kai ku ku huta kwana biyu, gwiwa za ta lafa na ɗan lokaci, da ban rubuta wannan maƙala ba, wataƙila ma da na taya shi tara fasinja. Ina kuma ba malamanmu shawara a zauna da likitocin ƙashi da na fisiyo a raba wannan buhu na “sanyin ƙashi”, kowane ciwo ya sami sunansa, domin mai zaizayar gaɓa da mai sikila da wanda ƙwayar cuta ta shiga gaɓarsa ba hanya ɗaya za su bi ba.

Ga hukumomi kuma, gwamnatin jihar Bauchi ce take riƙe da Yankari tun shekarar 2006. Babu abin da zai hana jihohin da ke da irin wannan ruwa su sa jami'o'insu su auna abin da ke cikinsa, a rubuta a allo da Hausa kowa ya karanta, a ajiye ma'aikacin fisiyo ko da a lokacin hunturu ne, ya koya wa tsofaffi motsin da za su koma gida da shi. A nan Jos ma, ƙaramin kwamin ruwan ɗumi da mata za su iya shiga cikin sutura da mutunci, rana ɗaya ko biyu a mako, zai yi wa matan kasuwa abin da tafiyar shekara-shekara ba za ta yi ba.

Ita dai Gwaggo na samo mata kujera mai tsayi da tebur, ta daina kasa kaya a ƙasa, ko da yake ta yi mako guda tana mita wai masu saye sun fi son kayan da ke ƙasa. Da dare ana dafa mata ruwa ta gasa gwiwar da tawul, sannan ta miƙe ƙafar sau goma-goma tana ƙirgawa da yarenmu. Ledar haɗi ta ragu zuwa ranar da abin ya matsa, ban dai ci nasarar raba ta da ita gaba ɗaya ba. Ta kuma shiga sabon adashe, ta ce in ta kwasa Wikki za ta koma, wannan karon a motar haya ita da ƙawayenta biyu, kuma wai ni zan riƙe musu jaka.